Fitilar Majo da Kujerar Auta

Tun da muka dawo daga Faraku ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a majalisarmu ta bakin tasha sai wani ya ce, "Namata, yaya Benin? An ce da wuta aka gasa ku?" Kafin in buɗe baki Alhaji Garba ya karɓe zancen, kuma a cikin labarinsa ni ba ni da wani aiki sai riƙe masa buta. Shi ya sa na sayi kaye da bik, wato littafi da alƙalami, na zauna rubutu. Kada wani ya yi dariya. Na yi lakwal har aji huɗu, na kuma yi shekara ashirin da bakwai ina planto a biro, ofishin gwamnati, a nan Gaya, wato mai ɗaukar takarda daga wannan tebur zuwa wancan. Wanda ya ɗauki takardu haka, ko bai karanta su ba, ilimi ya shige shi ta hammata.

Alhaji Garba taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina. Rana ɗaya aka yi mana kaciya, kuma a ranar aka ba shi cinyar kaza aka ba ni wuya. Haka muke har yau. Shi yana da manyan motoci uku, ni ina da keke marar sarƙa. Abu ɗaya Allah ya raba mana daidai, shi ne ciwon gwiwa. Shekara uku ke nan muna salla a kan kujera a ƙarshen sahu. Ko nan ma tasa mai katifa ce.

Autata Ramatu tana karatun kine a Benin. Kine su ne masu gyara gaɓoɓin mutum ba allura ba wuƙa. Tana shekarar ƙarshe, an tura ta estaj, wato koyon aiki a hannun manya, a wani gidan likita a Faraku. Ita ta ce mini ta waya, "Baba, ka zo in ga gwiwar nan." Na gaya wa Alhaji don kawai ya ji haushi. Washegari na tarar ya ɗaure kaya.

Ku da kuke Gaya kun san halin gadar da ta haɗa mu da Benin, amma ina rubutawa saboda jikoki. Tun da sojoji suka hau mulki a Yamai aka rufe ta. Gadar tana nan lafiyarta ƙalau, an gitta mata manyan akwatunan ƙarfe, ana gadinta, mutane kuwa suna ƙetarewa ta gefenta a jirgin ruwa. Mun isa bakin kogi da hantsi. Jirgin da muka samu ya riga ya sha buhunan albasa, da babur biyu, da wata mata rungume da injin niƙa. Tsakaninmu da shi akwai taɓo har gwiwa. Masu jirgin suka ga babbar rigar Alhaji, sai ƙarti biyu suka haɗa hannu suka ɗauke shi a zaune kamar ango. Ni kuwa wani Badande guda ya saɓa ni a kafaɗa, kaina ƙasa, kamar buhu na ƙarshe da aka kusa mantawa. A nan takalmina na hagu ya sulluɓe, ya juya sau biyu a ruwa, ya nufi Najeriya.

Da takalmi ɗaya na shiga Malanbil, garin Benin na farko a ƙetaren kogi. Wani ɗan sanda ya karɓi katunanmu. Na gyara murya na gaishe shi da Faransancin biro, irin wanda na saba gaida kwamanda. Ya dube ni daga hula har ƙafa, ya amsa da Hausar da ta fi tawa kyau.

"Baba, ina ɗayan takalminka?"

Alhaji ya ce, "Ya ƙi ƙetarewa, ranka ya daɗe. Ɗan kishin ƙasa ne."

Ɗan sandan ya yi dariya har ya kira abokinsa aka sake maimaita masa. Alhaji aka ba benci ya huta, ni aka nuna mini hanyar kasuwa. Na sayi takalmin roba kore, shi kaɗai ne daidai ƙafata.

Daga Malanbil muka shiga wata tsohuwar mota mai cin mutum tara. Ba sai na faɗi wanda ya zauna gaba ba. Ni aka cusa ni baya, tsakanin wata mata mai kwandon jan cuku da wani mutum rungume da batirin mota, gwiwoyina a haɓata. Mun daɗe muna wuce manyan motoci jere a bakin hanya, an lulluɓe su da tamfol, suna jiran ranar da za a buɗe gada. Da idona na ga wani direba ya shuka kuɓewa kusa da tayarsa, har ta yi fure. Alhaji ya yi shiru a nan, domin nasa ukun ma haka suke a Gaya. Wannan shirun shi ne kawai hutun da na samu a hanya.

A Kandi muka ci abinci. Su can ba su san darajar gero ba. Doya suke dakawa, mata uku a turmi ɗaya, har ta yi yauƙi, a zuba mata miyar gyaɗa da soyayyen cuku. Ba a taunawa, haɗiyewa ake yi. Na tauna lomar farko, ta kama mini haƙoran nan huɗu da suka rage, sai da mai abincin ta kawo ruwa tana cewa wani abu da ya sa mata duka suka fashe da dariya. Abin da ya fi ba ni mamaki gaisuwarsu. A wurinmu yaro ya rusuna ya isa. Su kuwa mutum biyu sai su tsuguna har ƙasa a tsakiyar hanya, suna gunaguni a maƙogwaro, wannan ya amsa wancan ya amsa, kamar kurciyoyi. Wani dattijo ya tsuguna mini haka, ni kuwa na tsaya ƙiƙam kamar turken awaki. Ya tafi yana waiwayena, na san ya ce ƴan Nijar ba su da tarbiyya.

Faraku gari ne na babura. Mata ma suna tuƙawa, da goyo a baya da kwano a ka. Mun sauka a Zongo, unguwar baƙi, gidan Idi, wani tsohon direban Alhaji. Aka ba Alhaji gado da fanka. Ni aka shimfiɗa mini tabarma a gindin gadon, wai ai ni ɗan gida ne. Da la'asar Auta ta zo, ta rame, ta yi tsawo a idona. Ta durƙusa ta gaida Alhaji, "Baba Alhaji, kun sha hanya," sai da ta gama tambayar Hajiya da yara da motoci sannan ta juyo kaina. Na san haka tarbiyya ta ce, ni na koya mata. Amma na lura.

Washegari ta kai mu gidan likitan. Ɗakin kine dogo ne, gadaje uku da labule tsakaninsu, mutane cike a benci har waje. Akwai wata fitila mai jan haske a kan doguwar ƙafa, wadda ake kunna wa mutum a kan gaɓar da ke ciwo, da wani inji mai wayoyi da ke tsikarar fata, da wani mai a kwalba wanda ƙamshinsa ke buɗe hanci tun daga ƙofa. Shugaban ɗakin kowa Majo yake ce masa, gajere ne mai furfura, rigarsa fara ƙal. Da ya ji Alhaji ya gaishe shi da yaren Dendi, sai ya kama hannunsa kamar sun yi yarinta tare, ya kai shi gadon tsakiya da kansa. Sannan ya dubi takalmina kore, ya ce wa Auta, "Wannan mahaifinki ne? To, naki ne. Ki yi da shi yadda kika ga dama."

Na ga idon yarinyar ya yi haske. Na ce a raina, yau gwiwa za ta sha gata.

Ta fita da ni baranda, ta jawo wata kujerar katako.

"Zauna, Baba."

Na zauna.

"Rungume hannuwanka a ƙirji. Tashi."

"In je ina?"

"Ba ko'ina. Ka tashi, ka sake zama."

Ta duba agogo, na yi ta fama. A rabin minti sau huɗu na tashi, na huɗun ma sai da na kira sunan Allah. Ta rubuta a wani ƙaramin kaye. Bayan nan ta ɗaura mini jakar yashi a idon sawu ta ce in miƙe ƙafa. Bayan nan hawa matakala ɗaya da sauka. Bayan nan zagaya bishiyar mangwaro. Duk wannan ina yi, ta taga ina jin Alhaji yana nishin daɗi, "Wash, Majo, nan, nan, Allah ya ji ƙan mahaifanka."

Da rana na tsare ta a rumfar wata mai shinkafa.

"Auta, laifin me na yi miki?"

"Baba, a lakwal an koya mana kada mu yi wa mutum abu don kawai haka muka tarar ana yi. Mu nemi abin da aka gwada a kan mutane da yawa aka ga ya yi aiki. Gwiwa irin taku, cinya ake ƙarfafawa ta ɗauke mata nauyi. Fitila tana da daɗi, amma daɗin ba ya kai la'asar."

"To me ya hana ki gaya wa Majo?"

Ta ajiye cokali. "Na gaya masa tun satin farko. Ya ce in kawo takardar da ta faɗi haka. Takardun da Ingilishi suke, ni Faransanci na yi. Na sa waya ta juya mini, rabi ya fito kamar zancen mai zazzaɓi. Sauran an kulle su, sai wanda ya biya zai karanta, ga rezon intanet nan da sai na hau bene nake samu. Da ƙyar na haɗa shafi biyu na kai masa. Bai duba ba. Ya ce, ni shekara talatin nake nan, ke wata nawa? Sai ya jawo aljihun tebur ya nuna mini karnena."

Karne shi ne ɗan littafin estaj. In Majo bai sa hannu a ciki ba, ba ta shiga jarrabawar ƙarshe, shekarar ta tafi.

Ta ce, "Kuma ku ma masu ciwon kuna ciki. In ban shafa wa mutum mai ba sai ya ce ban yi masa komai ba, ya nemi a canza masa ni. Wata uku ina kunna fitila ina kashewa, Baba. Kai kaɗai aka taɓa bar mini. In ka yi sati huɗu, kayen nan zai nuna abin da ya faru, Majo zai gani da idonsa, ba da Ingilishi ba."

Wallahi na ji girma. Kwana biyu ina tashi ina zama kamar soja.

Amma ku da kuka san Alhaji kun san ba a zama kusa da shi da girma. Kullum sai ya dawo masauki yana ƙamshin man nan, ya tattare wando ya nuna wa mutanen Zongo gwiwarsa tana sheƙi. Ya kira Gaya ta waya a gabana, ya buɗe murya: "Ni Majo da kansa ke duba ni. Namata kuwa an auna an ga gwiwarsa ba ta cancanci wuta ba. Kujera aka ba shi yana goge musu." Wasunku da ke karanta wannan ku ne kuka yi dariya a wancan gefen, na gane muryoyinku. Matar Idi ma ta fara zuba masa nama biyu, wai mai jinya ne. Ni da ake gani ina zagaya mangwaro, sai aka ɗauka rakiya na zo.

Gaskiya ɗaya zan faɗa. A sati na uku na fara tashi daga tabarma ba tare da na dafa gadon Alhaji ba. Na lura, amma ban sa shi a lissafi ba, domin hankalina yana kan fitila.

Abin da ya ƙarasa ni ya faru wata Alhamis. Mutane sun yi yawa, Majo ya kira Auta ta taya shi, ta bar ni a baranda da jakar yashi. Na leƙa ta taga. Ga Alhaji kwance cikin jan haske, ido a lumshe, ga ɗiyata, wadda na goya a keke na kai lakwal shekara shida, ta zuba mai a tafin hannu tana murza masa gwiwa a hankali. Ya buɗe ido ɗaya ya gan ni. Ya ɗaga mini yatsa biyu, ya sake lumshewa.

Washegari da safe na yagi takarda mai layi biyu, na ja mata gefe da kyau yadda ake yi a biro. Na fara da kalmomin nan na girmamawa da na ɗauka a hammata shekara ashirin da bakwai. Na rubuta cewa ni, mai ciwo lamba kaza, na yi sati uku a wannan gida ba a taɓa sa ni ƙarƙashin fitila ba, ba a shafa mini mai ba, ɗalibar da aka ba ni tashi da zama kawai take sa ni, saboda haka ina roƙon a ba ni haƙƙina kamar sauran jama'a. Ban rubuta cewa ɗiyata ce ba. Takardar hukuma ba a sa zumunci a ciki, wannan ko sabon planto ya sani.

Niyyata in miƙa wa Majo a hannu, ya yi murmushi ya ce a kwantar da tsoho. Amma ƙafa ta saba da hanyarta. Na tsinci kaina a gaban sakatariyar gidan, domin a nan takarda ke shiga. Ta buga mata hatimi, ta ba ta lamba, ta rubuta ta a babban littafi. Ƙarar hatimin nan ta yi mini daɗi har cikin ƙashi. Sai da na kai bakin ƙofa na tuna inda takarda mai lamba take zuwa. Ba ta zuwa gefe. Sama take hawa.

Na koma da sauri na ce a ba ni abina, na yi kuskure.

Sakatariyar ta ce, "Baba, ba kai ka ce mini ka yi planto ba? Ka taɓa ganin an zare takarda daga littafi?"

Ban taɓa gani ba.

Ran Litinin takardar ta sauko daga wurin shugaban gidan da jan rubutu a gefe. Majo ya kira mu ofishinsa. Auta tana tsaye, hannuwa a baya. Shi aka tsawata wa, wai ya bar ɗaliba ita kaɗai da mai ciwo, tana yin abin da ba a rubuta ba. Ya ɗaga takardar.

"Ni ake yi wa jan bik? Ina da mutum arba'in kafin azahar, fitila ɗaya, gado uku. In na ce musu su je su yi tashi da zama, gobe duk suna wurin maɗori, ya karya abin da ya rage. Kin ɗauka ban san karatu ba? Yaushe zan karanta, a kan babur? Na yi miki alheri na bar miki mahaifinki, ga sakamakon."

Na ce, "Majo, ni ne..."

"Kai ka nemi haƙƙinka, Mushe," wato Malam da Faransanci, "za a ba ka. Fitila da mai kullum, ita za ta yi da hannunta. Kujera kuma a mayar da ita inda aka ɗauko ta." Ya tura aljihun tebur ya rufe. "Karne kuwa, sai na yi tunani."

Estaj ɗin ranar Asabar zai ƙare. Auta ba ta dube ni ba.

Haka na samu fitila. Ba zan yi ƙarya ba, tana da daɗi. Ɗumi ne mai shiga a hankali, kamar ka zauna kusa da murhu. Auta ta zuba mai ta murza, hannunta ya iya aiki. Amma ba ta ce uffan ba, sai "Mushe, juya," sai "Mushe, an gama." Yarinyar da tun tana rarrafe take ce mini Baba. A gadon kusa Alhaji yana kwance bai yi nishi ko ɗaya ba. Da ta fita sai na ji muryarsa ta bayan labule, ba wasa a cikinta.

"Namata, tun muna yara kake ƙirga naman kwanona, ban taɓa damuwa ba. Amma wannan karon kwanon yarinyar nan ka shure."

Na juya fuskata ga bango.

Kwana biyar ina kwanciya a jan haske kamar kifin da ake kyafewa. Ranar Juma'a, saura kwana ɗaya, na ce wa Alhaji ya raka ni ya fassara mini da Dendi, domin Faransancina ya riga ya yi ɓarnar da zai yi. Muka shiga ofishin Majo. Na shirya magana mai tsawo, amma da na ga aljihun tebur ɗin nan sai ta gudu. Na cire hula. Na dafa gefen tebur, na sauka a hankali har gwiwoyina biyu suka taɓa siminti.

"Alhaji, gaya masa laifin nawa ne. Hassada ce ta tsufa. Ya hukunta ni, ya bar yarinya."

Majo ya zabura. A ƙasarsu tsoho ya durƙusa wa wanda bai kai shi shekaru ba abu ne mai nauyi ƙwarai. Ya zagayo da sauri zai ɗaga ni, ni kuwa kunya ta sa na riga shi, na kafa ƙafar dama, na taɓa tebur da yatsu, na miƙe. Sai da na tsaya na ga yadda Alhaji ya buɗe baki. Shekara uku gwiwata ba ta gaisa da ƙasa ba.

Majo ya ja baya. "Sake."

Na sake. Ta yi ƙara, ta yi zafi, amma na sauka na tashi.

Ya leƙa waje ya kira Auta. Ta shigo, ya sa na yi na uku a gabanta. Sannan ya juya gare ta, fuskarsa ta saki.

"Kin gani? Kwana biyar kacal na fitila."

Kayen yana aljihun farar rigarta, ina ganin kusurwarsa. Na san abin da ke ciki, domin ni na yi gumin: huɗu ranar farko, goma sha ɗaya ranar Alhamis ɗin nan, tun kafin fitila ta san da ni. Hannunta ya tafi aljihu ya tsaya. Ta dubi teburin. Ta sauke hannun.

"Na gani, Majo."

Ya jawo karne, ya sa hannu, ya buga hatimi, ya miƙa mata. Har ya dafa kafaɗarta ya ce za ta zama ma'aikaciya ta gari in ta koyi sauraren manya.

A waje, gindin mangwaro, na ce, "To alhamdu lillahi, Auta, an samu."

Ta daɗe tana kallon karnen.

"An samu, Baba. Amma gobe mutum arba'in za su kwanta ƙarƙashin fitila, kuma da labarinka za a kwantar da su. Sati ɗaya kawai ya rage. Yanzu ko wa na nuna wa kayen nan zai ce ai an haɗa da wuta. Ni na san abin da ya tashe ka, amma ba ni da abin nunawa. Kai kaɗai aka ba ni."

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ran Lahadi ta raka mu tasha. Ta riƙe wa Alhaji jaka, ta taimaka masa ya hau gaba, domin gwiwarsa tana nan yadda ya kawo ta, sai dai ta fi sheƙi. Ta gaishe ni yadda ɗiya ke gaida uba, ba ragi ba ƙari. Na ce in na isa zan kira ta. Ta ce, "Karatu zai yi yawa, Baba. Zan riƙa kiran Inna ranar Juma'a."

Dawowa ba ta da labari, hanya ce dai da kogi. Alhaji yana nan yana gaya muku fitilar Faraku ta ta da gurgu a gabansa, har mutum uku sun fara tambayar hanya. To ga shi na rubuta: kujera ce. Kowa yana da ita a gidansa.

Juma'a huɗu ke nan tana kiran uwarta bayan la'asar. Sai su shige ɗaki su yi ta hira, ina jin dariya, ni ko gaisuwa sai ta bakin uwar. Shekara arba'in da tsohuwar nan ban taɓa ƙyashin wani abu nata ba sai ƴar wayar nan mai fasasshen gilashi. Saboda haka da na ji ta yi ƙara sai in jawo kujerar katako in ajiye daidai bakin ƙofar ɗakin, in rungume hannu a ƙirji, in yi ta tashi da zama ina ƙirgawa da ƙarfi, yadda ko maƙwabta za su ji. Juma'a uku ba wanda ya tanka mini.

Ta huɗun, ina kan goma sha uku, sai labule ya motsa. Tsohuwar ta leƙo, waya a kunne.

"Malam, wai ta ce sauri kake yi. Ka riƙa zama a hankali, ba faɗawa ba. Ta ce ka koma daga ɗaya."

Na koma daga ɗaya.